Yadda ake haɗa ƙaramar tankar Sherman a Yamai, daga buɗe kwali zuwa zuba mata ƙura

Kafin ka ɓalle ko ƙafa ɗaya daga cikin kwalin ɓangarorin robar da ake haɗa ƙaramar tankar da su, ka yanke shawara a kan abu guda: wace tanka kake haɗawa, ta wace runduna, kuma a wane wata na Yaƙin Duniya na Biyu. Duk sauran aikin a kan wannan amsar yake tafiya, daga launin fenti har yawan dattin da za ka shafa mata a ƙarshe. Wanda bai tsayar da wannan ba, shi ne za ka ga ya gama aiki tsaf amma tankarsa ta fito da tsatsar shekara goma, alhali ta gaskiyar ko wata guda ba ta yi a fagen daga ba.

Ni a nan Sherman zan ɗauka, nau'in M4A2, ta rundunar Janar Leclerc na Faransa, a watan Agustan 1944. Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000 tsakanin 1942 da 1945, nau'i-nau'i, kuma bambancinsu mafi girma a inji yake. M4A1 injin jirgin sama gare ta, M4A3 injin Ford mai fetur, ita kuwa M4A2 injinan gazuwal biyu na General Motors aka haɗa mata wuri guda. Sojan ƙasa na Amurka bai cika so ya yi yaƙi da mai gazuwal ba, saboda haka akasarinta aka tura wa Tarayyar Sobiyet da Ingila da Faransawan de Gaulle, waɗanda suka ci gaba da yaƙar Jamus, da kuma sojan kundumbala na ruwan Amurka. Mutum biyar ke cikinta: kwamanda, mai harba igwa, mai ɗura harsashi, direba da mataimakinsa. Nauyinta ya haura tan 30 kaɗan, igwarta mai milimita 75.

Dalilin da ya sa na zaɓi ta Leclerc shi ne labarin ya biyo ta maƙwabtanmu. Chadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle tun Agustan 1940, lokacin da Nijar da sauran Afirka ta Yamma ke hannun gwamnatin Vichy, ta Faransawan da suka bi Jamus, har zuwa Nuwamban 1942. Daga Chadi Leclerc ya tashi ya ci Kufra a Libiya a Maris 1941, kuma yawancin sojojinsa baƙar fata ne. Da aka zo kafa runduna ta biyu mai sulke a Maroko a 1943, aka ba ta tankokin Amurka, sai aka cire baƙaƙen sojojin daga cikinta. Rundunar ta sauka gaɓar Normandi ranar 1 ga Agustan 1944, kuma daren 24 ga watan Sherman uku masu suna Romilly da Montmirail da Champaubert suka fara shiga Paris. Wanda ransa bai kwanta da tutar Faransa a kan teburinsa ba, musamman a wannan zamani, kwali ɗaya ne: ya yi ta ta Sobiyet ko ta Ingila, matakan duk ɗaya ne, tambari kawai ke canjawa. Abin riƙewa dai shi ne lissafin nan: daga 1 zuwa 24 ga Agusta, mako uku da ƴan kwanaki, cikin rani na Turai. Ƙura za ta yi yawa, tsatsa kusan babu.

Ma'auni da samun kwalin

Ma'auni biyu aka fi samu. Na 1/35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun farkon shekarun 1960, yana nufin kowane santimita ɗaya a kan teburinka santimita 35 ne a jikin tankar gaske. Sherman tana da tsawon kusan mita 5.9, ke nan taka za ta kai santimita 17, mutum mai mita 1.75 kuma ya dawo santimita 5. A 1/72 tankar duka santimita 8 ce da ɗoriya. Mutane na zaton ƙaramar ta fi sauƙi. A kuɗi da wurin ajiya, haka ne. A ido da yatsu kuwa babbar ta fi, domin fitilar gaba a 1/72 idan ta faɗi ƙasa sai dai ka yi mata addu'a. Fara da 1/35.

Zvezda da Academy da Dragon duk sun fitar da M4A2 a 1/35, Heller ta Faransa kuma tana da ita a 1/72. Mai farawa ya guji Dragon, ɓangarorinta sun yi yawa. Idan abin da ya samu shi ne M4 ko M4A3 ta Tamiya, a karɓa da hannu biyu, da wuya a samu wadda ta kai ta sauƙin haɗuwa. Sai dai a nemi tambarin da ya dace da ita. Hanyar da aka fi bi a nan ita ce saƙo ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa, Turkiyya ko Dubai. Ka gaya masa kwali da fenti mai narkewa da ruwa irin Vallejo kawai zai ɗauko. Gwangwanin feshi da gam mai ruwa suna kama wuta, ba a yarda da su a jakar jirgi ba, za a ƙwace a filin jirgi kuɗinka ya tafi a banza. Kuma idan kwalin ya iso, kada ya wuni cikin mota a rana. Robar da ake yin su da ita tana lanƙwashewa da zafi, kuma gangar jikin da ta karkace ba ta komawa daidai sai da wahala.

Kayan aiki

Mafi yawansu suna Yamai. Sabon abin yanke farce mai miƙaƙƙen baki, ko ƙaramar filaya mai yanka ta masu gyaran waya. Wuƙar kota mai ɓallewa da reza. Hantsaki mai tsini. Takardar goge ƙarfe mai lamba 400 da 600 da 1000, wadda masu fentin mota ke amfani da ita; a kasuwar Katako za ka same ta, tare da mastik ɗinsu mai laushi da tef ɗin takarda. Katin goge farce na mata yana aiki sosai. Sai tsinken sakace, auduga mai tsinke, allura, fensir mai laushi, farin gam na kafinta, da gam mai kamawa nan take. Buroshi uku sun isa: mai faɗi mai laushi, matsakaici, da siriri mai tsini.

Gam ɗin roba shi ne wurin da ake tuntuɓe. Na gaskiyar, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, ba manna ɓangarori yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake har su zama abu guda. In bai samu ba, akwai ruwan da masu aikin famfo ke goge bututun roba da shi kafin su sa gam, akwai kuma ruwan goge jan farce mai asetan. Ɗebo reshe biyu na firam ɗin da ɓangarorin ke maƙale a jiki, ɗiga musu, matse, ka bar su minti goma. Idan sun kama har ka ja suka ƙi rabuwa, ka samu gam. Idan ba su kama ba, sai ka koma ga mai kamawa nan take, amma da tsinin tsinke za ka riƙa ɗiba, ba daga bakin kwalba ba. Duk waɗannan ruwaye a buɗe taga ake aiki da su, nesa da wuta da yara.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka raina shi: roba mai murfi, irin ta ajiye abinci, babba wadda tankar za ta shige. Nan gaba za ka ga amfaninta.

Haɗawa

Wanke firam ɗin duka da ruwan sanyi da ɗigon sabulun wanke kwano, ka bar su su bushe a inuwa. Maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. Sannan ka karanta takardar umarni daga farko har ƙarshe, ka sa alama da fensir a duk inda aka ba da zaɓi biyu, domin kwali ɗaya kan ƙunshi kayan tankoki daban-daban.

Kada ka murɗe ɓangare da hannu. Yanke shi nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka share guntun da wuƙa, ka bi da takardar gogewa. Kowane ɓangare yana da siririn layi a tsakiyarsa inda rabin mazubi biyu suka haɗu. Karkata bakin wuƙa ka kankare shi a hankali, ba yankawa ba. Kuma kada ka ɓalle abin da ba ka zo kansa ba, lambarsa a jikin firam take, ba a jikinsa ba.

Ana farawa da ƙafafu, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa. Sherman tana da maɗauki uku a kowane gefe, kowanne da taya biyu, taya goma sha biyu ke nan, kuma duk sai ka kankare musu layin nan. A saman kowane maɗauki akwai ƙaramar taya mai riƙe sarƙa ta sama, a kan hannu da ya karkata. Hannun nan baya yake kallo, a dama da hagu duka. Saboda haka maɗaukan dama da na hagu ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne kuskuren da aka fi gani a Sherman ɗin masu farawa. Ƙafa mai haƙora, wadda ke jan sarƙa, a gaba take. Mai santsi tana baya. Da ka manna maɗaukan shida a gangar ƙasa, tun gam bai bushe ba, ɗora ta a kan gilashi ko tayil ka duƙa ka leƙa. Tayoyi goma sha biyun duk su taɓa ƙasa. Idan ɗaya ta rataye a iska, danna ta yanzu. Gobe ba za ta yarda ba.

Yadda ake sa gam mai ruwa kuwa: haɗa ɓangarorin biyu a bushe tukuna ka ga sun zauna. Riƙe su, tsoma siririn buroshi, ka taɓa bakin mahaɗar sau ɗaya. Za ka ga ruwan ya ruga da kansa cikin tsagar, layin ya yi duhu yana tafiya har kusurwa. Ƙirga goma, sannan ka matse. Wata ƴar narkakkiyar roba za ta bullo a bakin layin. Kada ka taɓa ta. Bar ta ta bushe zuwa gobe ka kankare, mahaɗar za ta ɓace ba tare da mastik ba. Kuma ka lura da inda yatsanka yake, domin ruwan yana bin ƙarƙashin yatsa ya bar zanen yatsan a jikin sulke.

Sarƙa iri biyu ce a kwalaye. Akwai mai laushi guda ɗaya da ake haɗa bakinta, akwai mai gaɓa-gaɓa. Mai laushin, idan gam ya ƙi kama ta, ɗinke bakin da baƙin zare ka ɓoye ɗinkin ƙarƙashin taya. Ka sani sarƙar Sherman a ɗaure take tamau, ba ta saki a sama yadda ta tankokin Jamus irin Panzer IV ke yi. Wanda ya lanƙwasa ta don ta yi kyau ya ɓata. Idan zanen sarƙar mai kusurwa ne, duba hoto ka ga inda kusurwar ke kallo, kuma gefe biyun su kalli wuri guda. Ni ban manna sarƙa a wannan mataki. Gwadawa nake in cire, sai bayan fenti.

Gangar sama ta M4A2 faranta ne na ƙarfe da aka yi wa walda, hasumiyar da ke juyawa da igwa kuwa zubin ƙarfe ce guda. Wannan bambanci ya kamata ido ya gan shi. Hasumiyar tana zuwa rabi biyu, sama da ƙasa. Manna, cike da mastik, goge. Sannan ka shafa mata gam mai ruwa kaɗan-kaɗan, wuri-wuri, ka daddanna da tsohon buroshi mai tauri, fuskar za ta yi ƙurji-ƙurji irin na zubi. Kada ka zarce, zubin Amurka bai kai na tankar Sobiyet T-34 kaushi ba. Layin walda da ya ɓace wajen gogewa kuma ana mayar da shi: kama guntun firam a saman kyandir, juya shi har ya yi laushi, janye daga wutar ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe ya zama zare. Kwantar da zaren a kan mahaɗar, jiƙa shi da gam, ka daddatsa da bayan wuƙa.

Bakin igwa idan rabi biyu ne, goge shi kana juyawa don kada ya yi fale-fale. Raminsa milimita 2 ne da ɗan kai, wato 75 a raba da 35. A gefen gangar, yawancin Sherman na 1944 suna da ƙarin farantan sulke a kan ma'ajiyar harsashi, ɗaya a hagu, biyu a dama.

Ƙananan kaya

Nan ne tanka ke fita daga abin wasan yara. Maɗaukan hannu na roba sun yi kauri. Yanke su, huda rami biyu da allura mai zafi, ka lanƙwasa siririyar wayar tagulla daga cikin tsohon kebul ka sa. Igiyar ja ta ƙarfe: silin tagulla uku ko huɗu, ɗaure baki ɗaya a ƙusa, murɗa ɗayan har su zama igiya, kaurinta kada ya kai milimita ɗaya. Eriya, zaren firam ɗin nan da ka ja a wuta. Tamfol da bargunan da sojoji ke ɗaurewa a baya, takardar goge hanci ce da aka jiƙa da farin gam mai ruwa, a naɗe, a ɗora tun tana da danshi don ta kwanta da nauyinta. Sai dai kowane ƙunshi a ɗaure shi da zare zuwa wani maƙali, domin kaya ba sa zama a bayan tanka mai gudu don Allah. Kuma kada ka rufe ragar inji da kaya, ko ka tare wa hasumiya hanyar juyawa.

Wasu kwalaye na zuwa da ƴan sojoji. Akwai masu ƙyamar ajiye siffar mutum a ɗaki, kuma tankar ba ta buƙatarsu: rufe ƙofofin sama, shi ke nan, ka ma huta da fentin ciki.

Fenti, da rigimarsa da yanayinmu

Launin shi ne koren zaitun mai duhu na sojan Amurka, domin da fentin masana'anta Faransawan suka karɓi tankokin. A Tamiya XF-62 ne, a Humbrol lamba 155. In babu, haɗa da kanka: asalin launin rawayar ƙasa ce da baƙi, ba kore ba. Zuba rawaya mai duhu, ƙara baƙi ɗigo-ɗigo, za ka ga ya juye kore da kansa. Ka sa shi ya ɗan fi na hoto haske, saboda ƙaramin abu yana ƙara duhu a ido, kuma matakan gaba za su ƙara dusashe shi.

Shimfiɗar farko, wato fenti mai toka-toka da ke sa na sama ya kama, ana iya yinta da gwangwanin feshi na kasuwa, amma da sharaɗi. Wasunsu suna da tina mai zafi irin ta fentin mota, wadda ke cin roba. Gwada a guntun firam. Idan bai yi yamutsi ba, fesa daga nisan santimita 25 zuwa 30, wucewa ɗaya da sauri, jira, sake wucewa. Bayan ta bushe duba da kyau. Toka-tokar tana tona duk tsaga da layin da ka manta, kuma yanzu ne lokacin gyara.

Littattafan Turawa za su ce ka bar fenti ya bushe. Mu a nan abin da muke nema shi ne ya ƙi bushewa da wuri. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, fenti mai ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jikin tanka, na feshi kuma ya bushe a iska ya sauka gari-gari. Saboda haka bayan sallar asuba ake fenti, ko da dare in gari ya yi sanyi, kuma a kashe fanka. Sami murfin roba, shimfiɗa soso mai laima, ɗora takardar gashin burodi a kai, ka zuba fentin a kanta. Laimar da ke ƙasa za ta riƙe shi ya daɗe. Sirka shi har ya yi ruwa kamar madarar da aka tatso yanzu. Vallejo da ruwa ake sirka shi, alkol yana sa shi ya dunƙule. Na Tamiya kuwa yana karɓar alkol na farmasi. Shafi na farko zai fito da ban haushi, ana hango toka ta ƙasa. Ƙyale shi. Na biyu ka bi ta gicciye, na uku ya rufe. Sauri ya haifi nawa: shafi ɗaya mai kauri zai cike kan ƙusoshi da layin waldar da ka sha wahala a kansu.

Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, goge tebur da tsumma mai laima, kuma da ka ajiye buroshi ka kife robar nan mai murfi a kan tankar. Da damina, kada ka fesa fenti mai kashe ƙyalli ranar da hadari ya haɗu, laima tana sa shi ya yi fari-fari.

Bayan kore, sai ƙananan launuka. Bakin tayoyi roba ne: baƙi da aka sirka da ɗan fari, ba baƙi ƙirin ba. Sarƙa kuma ka duba irin taka. Wasu duk ƙarfe ne, wasu fuskarsu roba ce gefunansu ƙarfe, kuma roba ba ta tsatsa. Bindigar milimita 12.7 ta saman hasumiya baƙi mai toka. Ƙotar shebur da gatari launin itace, ko ka bar su kore, don sau da yawa haka aka fesa su tare da tankar.

Tambari

Tambarin da ake jiƙawa ba ya son fuska mai kaushi. Iska na maƙalewa a ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyalli fari. Shafa fenti mai sheƙi marar launi a wuraren da zai zauna, ko ma a jikin duka, domin mataki na gaba ma yana son hakan. Yanke tambari ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, ajiye a kan tsumma har ya fara zamewa. Jiƙa wurin, kawo takardar kusa, tura shi da buroshi ya sauka, daidaita, sannan ka mirgina auduga daga tsakiya zuwa baki. Tankokin Leclerc suna da suna a rubuce a gefe, da alamar runduna: taswirar Faransa da gicciyen Lorraine cikin da'ira shuɗiya. Nemi hoton tankar da ka zaɓa a intanet ka bi shi, domin wurin alamomin ya bambanta daga bataliya zuwa bataliya.

Datti da ƙura

Tun da maganar hoto ta zo: kada sha'awa ta kai ka ɗaukar hoton motocin sojojinmu a titi ko a bakin bariki. Haramun ne, kuma ba za ka so tambayoyin da za su biyo baya ba. Katafilar masu aikin hanya ta ishe ka makaranta. Gaida direban, ka ce, "Maigida, don Allah in duba ƙafar motar nan?" Tsaya ka kalli inda ƙura ke taruwa, inda ƙarfe ya goge ya yi haske, inda mai ya zubo ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Za ka lura sarƙar da ke aiki kullum ba ja ba ce, haƙoranta fari suke sheƙi.

Mataki na farko shi ne fito da zane. Sami fentin mai na masu zane, ruwan kasa mai duhu, ɗan mitsitsi, ka narkar da shi a White spirit, wato ruwan sirka fentin mai, har ya zama ruwa mai launi kawai. Da siririn buroshi taɓa gindin kowace ƙusa, bakin ƙofofi, layin walda, ragar inji. Ruwan zai zagaye su da kansa. Bayan kwatan awa ɗaya, goge abin da ya fita waje da buroshi mai ɗan danshin White spirit. Sharaɗi: fentin ƙasa ya zama mai narkewa da ruwa kuma ya kwana biyu da bushewa. Idan Humbrol na mai ka shafa, sai ka rufe shi da mai sheƙi na ruwa tukuna, in ba haka ba ruwan zai kwashe shi.

Na biyu, busasshen buroshi. Ƙara wa korenka rawaya ya yi haske, tsoma buroshi mai faɗi, goge shi a kwali har ya daina barin alama, sannan ka share gefuna da kusurwoyi sama-sama. Ƙurjin hasumiyar nan zai tashi. Ɓarewar fenti kuwa ka yi rowa da ita. Fentin Amurka mai ƙarfi ne, tankar kuma ba ta daɗe a fagen daga ba. Ɗan gogewa a bakin ƙofofi da inda takalma ke takawa ya isa, da fensir ma za ka yi shi. Haka za ka goga fensir a haƙoran ƙafar gaba da kusurwoyin sarƙar ƙarfe da bakin bindiga. Yanzu ka sa sarƙa, ka fesa ko ka shafa mai kashe ƙyalli a jikin duka.

Sai ƙura, kuma a nan mun fi masu saye a kwalba sa'a. Amma ba kowace ƙasa ba. Jar ƙasar Yamai ba ta dace ba, domin ƙurar hanyoyin arewacin Faransa fara-fara ce mai ɗan rawaya. Yashin bakin kogi kuma ya yi girma: ƙwayar milimita ɗaya dutse ne mai santimita uku da rabi a ma'aunin 1/35. Abin da ya dace shi ne ƙurar hunturu da ke kwanciya a bakin taga da saman kabad, mai laushi, mai haske. Share ta da buroshi cikin kwalba, tace da tsohon ɗankwali mai shara-shara. In ta yi ja, ƙara mata tokar gawayi da aka tace ko garin farin alli.

Ɗebo da busasshen buroshi ka zuba a inda ta saba zama: kan maɗaukan ƙafa, cikin tayoyi, tsakanin gaɓoɓin sarƙa, ƙasan gangar, farantin baya inda sarƙa ke watso ta, da kusurwoyin saman inji. Daga ƙasa take yawa, tana raguwa in ana hawa; saman hasumiya shafa ɗaya kawai. Don ta zauna, tsoma buroshi a White spirit ka taɓa gefen wurin, ruwan ya bi ta ƙarƙashinta. Za ta yi duhu kamar ta ɓace, kada ka ƙara. In ta bushe za ta dawo, har ta fi yadda ka zata. A gefen gangar, ja buroshi mai danshi daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya-ɗaya, ya bar sawun da raɓa da yayyafi ke bari. Kusa da murfin tankin mai ɗiga ɗan ruwan kasa mai sheƙi a kan ƙurar, a baya wajen salansa kuma ɗan garin gawayi, tunda injin gazuwal ne. Kada ka sake fesa komai a kan ƙurar, zai haɗiye ta. Bayan kowane zagaye ka ja da baya taku biyu ka kwatanta da hoton. In kana shakkar ko ya isa, ya isa.

Ajiya

Kafinta zai yanka maka katako mai santimita 25 a 15, masu aikin gilashi da alminiyom kuma su yi maka murfi a kansa, tsayin ya wuce eriya da yatsa biyu. Huda ƙasan tankar ka ɗaure ta da sukurori daga ƙarƙashin katakon, yadda duk mai son gani zai ɗaga katako, ba tanka ba. Maiƙon yatsa yana barin tabo a ƙura wanda ba ya gyaruwa. Ajiye ta nesa da taga mai rana da kuma saman kabad da ke dab da rufin kwano. Ragowar firam da tambarin da ba ka yi amfani da su ba, zuba su a leda ka rubuta sunan kwalin a jiki, don kwali na gaba sau da yawa yana rasa jarka ko shebur da wannan ya bari.